Asuwakin Kwarin Tagwaye

Yabo ya tabbata ga Sarkin da ya shuka itatuwa dangi-dangi, ya raba musu hali kamar yadda ya raba wa 'yan Adam. Ya sa zaƙi a wannan, ya sa tsami a waccan, ya ɓoye wuta a cikin ta ukunsu, alhali ganyensu iri ɗaya ne, tushensu ɗaya. Shi ya ba harshe magana, shi ya ba maƙogwaro iska, kuma shi kaɗai ya san ranar da za a ce wa bawa ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

Bayan haka, ni ne Jatau ɗan Nomau, mai kayan yaji a bakin kasuwar Birnin Garazau. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da haƙuri, ba ni da daɗin baki, kuma ba na son a tambaye ni abu sau biyu. Ku baƙi ne, kun ce in ba ku labarin ƙasashen gabas. To, ni ban je kallon ƙasa ba. Abin da zan ba ku labarin maƙogwaron yayana Korau ne, da kokawar da na yi da mutuwa a kansa. Wanda zai katse ni ya tashi tun yanzu ya ba ni wuri.

Korau ya girme ni, kuma duk abin da Allah ya hana ni na baki shi ya ba shi. Tafinta ne. Tun yana saurayi yake bin ayari, in ya kwana biyu a gari sai ka ji yana ciniki da harshensu, yana tsokanar tsofaffinsu, har yana yi wa 'ya'yansu waƙa. Ba shi da gona, ba shi da sana'ar hannu, ko igiyar jaki bai iya ɗaurewa da kyau ba. Da harshen nan ya yi aure, da shi yake ciyar da iyalinsa.

Abin da ya fitar da mu daga gida wani jan gari ne da fatake ke kira summaƙ, mu kuma muna ce masa jan tsami. In an barbaɗa shi a gasasshen nama sai ka manta da gishiri. Mata na jiƙa shi su ba wanda atuni ya kama, cikinsa ya tsaya. Amma hannu-hannu yake zuwa mana, kafin ya iso rumfata rabinsa jar ƙasa ce aka cakuɗa. Ranar da wata mata ta watsa min shi a fuska a gaban jama'a, ta ce ni macuci ne, ranar na je na sami Korau. Na ce ko dai ya raka ni inda abin nan ke tsirowa, ko in tafi ni kaɗai kuraye su cinye ni ya huta.

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai da ko sannu ba ka iya yi wa mutum ba sai ka ɓata masa rai? Tsaya in ɗauko takalmina."

Muka bi ayari. Muka ƙetare Fagen Gishiri, inda ƙasa take fara fat har raƙuma na tafiya ido a rufe. Muka wuce garuruwan da mutanensu ke gina gidaje a cikin kogon kuka, muka wuce wata ƙasa da ake sayen ruwa da murfin tulu. Daga ƙarshe muka isa Mirkaza, birnin dillalai, mai ganuwar jan dutse, inda duk wani yaji na gabas yake fara sauka kafin ya bazu a duniya.

Babban dillalin summaƙ a birnin wani mai tumbi ne da ake kira Harbuƙ. Ya shimfiɗa mana darduma, ya sa aka kawo abin sha mai sanyi. Da Korau ya tambaye shi inda summaƙ ke fitowa, sai ya dafa ƙirji ya yi kalar tausayi. Ya ce ai ba itace ba ne, busasshen jini ne da ke zuba daga fukafukan wasu tsuntsaye masu kan kura, waɗanda ke faɗa da juna a ƙolin dutse. Ya ce mazajen da ke zuwa ɗiba, kaɗan ne ke dawowa da idanunsu.

Na ce wa Korau, "Yaya, gaya masa ƙarya yake yi, kuma tumbinsa ya fi shi gaskiya."

Korau ya juya ya yi masa wata doguwar magana, sai na ga mutumin ya washe baki yana gyaɗa min kai. Da muka fita na tambaye shi abin da ya faɗa. Ya ce, "Cewa na yi ƙanena ya yi addu'a Allah ya ƙara wa mazajenku ƙarfin zuciya. Da na faɗa masa taka, da yanzu kanmu na rataye a ƙofar gari."

Dokar Mirkaza ita ce baƙo ba ya fita ta ƙofar gabas, wanda aka kama kuwa ba a sake ganinsa. Ni ina ta huci a masauki, Korau kuma kullum yana zaune kusa da ƙofar yana hira da masu tallar gyaɗa. Wata rana da hantsi ya shigo ya ce, "Jatau, ka lura da ƙirgi? Ɗanye yake fita ta gabas yana wari, ya dawo jemamme, fari, mai laushi, yana ƙamshin tsami. Wani majemi ya ce min su ba su san bagaruwa ba, da ganyen wata itaciya mai jan kai suke jima. Inda ƙirgi ke zuwa, can abinka yake."

Muka sayi jaki muka ɗora masa ƙirgi, muka sa tsummoki, muka shiga cikin masu kai ƙirgi. Korau ya riga ya koyi irin ashar ɗin da suke yi wa jakunansu, yana ta zuba shi kamar a cikinsu aka haife shi. Ni kuma ya ce in yi shiru, ya gaya musu bebe ne ni. Masu gadi suka toshe hanci suna korar mu da sanda mu yi sauri, ba wanda ya ko dubi fuskarmu.

Muka yi ta hawa duwatsu. Akwai inda dutse ke fitar da tururi kamar tukunyar dambu, akwai inda muka ƙetare rami a kan gadar igiya, jakin yana kuka ni ina zaginsa. Masu ƙirgi suka sauke a garin majema da ke gindin tsauni, mu kuma muka sulale muka ci gaba. Da la'asar sakaliya muka leƙa wani kwari, sai na tsaya cak. Gangaren da rana ke duka ja ne wur tun daga sama har ƙasa. Itatuwa ne gajeru, kowane reshe da jan tukku a tsaye a kansa kamar zangarniyar kaura. Na tsinko na sa a baki, tsamin ya kama min muƙamuƙi, sai ga hawaye. Ban taɓa ɗanɗana summaƙ marar ƙasa ba sai ran nan.

A ɗaya gangaren, wajen inuwa, akwai ƙorama, kuma a bakinta akwai wasu itatuwa da suka fi tsawo. Ganyensu sak na jajayen, sai dai 'ya'yansu farare ne, suna reto ƙasa. Nan muka yi zango saboda ruwa. Korau ya shafa ganyen ya ce, "Dubi yadda yake jere a reshe. Dangin danya ne da faru na gida. Ashe gidan 'yan'uwa muka zo."

Kun san halinmu. Bahaushe in ya tashi da safe, kafin ya ce uffan sai ya nemi ɗan itace ya sa a baki. Asuwakin da muka taho da shi ya daɗe da ƙarewa. Da gari ya waye Korau ya miƙa hannu ya karyo ɗan reshe daga itaciyar da muka kwana a gindinta, ya raba biyu, ya miƙo min ɗaya. Ni a lokacin jakin ya ci igiyarsa ya shiga ƙorama, ina fama da shi, na ce ya rabu da ni. Ya zauna a kan dutse yana tauna nasa, yana yi min dariya. Wani farin ruwa ya fito daga reshen ya bi yatsunsa, kafin rana ta ɗaga ya koma baƙi ƙirin, ya ƙi wankuwa.

Yinin ranar lafiya lau muka yi shi muna karyar jajayen tukkaye, sai dai yana yawan susar baki. Washegari na tashi na ga wani mutum a kwance inda yayana ya kwanta. Leɓunansa sun kumbura sun tsage, fuskar ta cika har idanun sun shige, yatsunsa sun yi bororo suna tsiyayar ruwa. Na durƙusa kusa da shi. Na ce, "Yaya, me ya same ka?" Ya ce, da wata murya kamar daga cikin tulu, "Wuyana. Kamar na haɗiyi garwashi."

Na rasa abin yi, sai na tattaro busassun rassan da ke ƙarƙashin itatuwan nan, na ce bari in dafa ruwa in gasa masa. Wutar ta fara kamawa ke nan sai na ji ihu. Mutane suka ɓullo daga cikin itatuwa a guje, fuskokinsu a ɗaure da ƙyalle, hannayensu baƙaƙe har gwiwar hannu. Suka tattake wutar, suka watsa mata ruwa, suka ja Korau gefe. Ni da na ga an taɓa yayana sai idona ya rufe. Na fasa wa ɗaya baki, na ciji wani a kafaɗa, kafin suka danne ni suka ɗaure kamar ragon layya.

Wata tsohuwa ce ta zo daga baya, gajeruwa, kanta fari fat, hannunta ya fi na kowa baƙi. Ban taɓa sanin sunanta ba, Iya nake ce mata. Ta durƙusa ta buɗe bakin Korau ta leƙa, ta ɗauki guntun asuwakin a ƙasa ta juya shi, ta dube mu kamar ta ga mahaukata. Korau ya yi ta gwada mata harsuna da bakin nan nasa har ya dace da wanda take ji. Suka yi magana, sannan ya juyo gare ni, yana faɗa yana hutawa.

"Jatau, bar zagi, ceton mu suka yi. Hayaƙin itacen nan ya fi ruwansa kisa. Ta ce wurin nan Kwarin Tagwaye ne. In da Hausa ne, ja ita ce Hassana, fara ita ce Usaina. Hassana ana ci, Usaina ko inuwarta baƙo ba ya zama. Su tsaga ta suke yi su tari ƙaronta, su shafe akussa da shi. Sun saba da ita tun suna goye." Ya yi tari, ya ƙara da cewa, "Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya ci Usaina da gangan ba. Tana tambaya ko a garinmu ba a samun abinci ne."

Ko a wannan hali sai da ya yi ƙoƙarin dariya. 

Suka kwance ni, suka ɗauke shi a kan makara ta gora zuwa ƙauyensu. Gidajensu na itace ne, kuma komai na ciki, daga akushi har ƙofa, baƙi ne mai sheƙi, kana ganin fuskarka a ciki. Iya ta ce maganin Usaina ƙaguwa ce, a daka ta ɗanya a shafa. Amma ƙaguwar tana Gulbi Mai Juyi, can ƙasan kwarin, kuma dakarun Mirkaza sun kafa sansani a mashigin don kada kowa ya fita da summaƙ ta ruwa. Sun hana mutanen kwarin zuwa da yawa, sai dai mutum ɗaya-ɗaya, shi ma sai sun ga dama. Mazan ƙauyen suka yi tsuru-tsuru, musamman wanda na fasa wa baki. Na ce su nuna min hanya kawai.

Kafin in tashi Korau ya kamo rigata ya ce, "Dakarun nan tsoron hannun mutanen nan suke kamar mutuwa. Ka gane?" Na ce na gane.

Na shafe hannuna da baƙin tukunya da mai har gwiwa, na ɗaure fuska da ƙyalle, na saɓa kwando, na ɗauki guntun ƙirgin da ya saura a kan jakinmu. Da rana tsaka na isa mashigin. Dakaru suka taso da masu a hannu, babbansu yana daka min tsawa da harshen da ban ji ko kalma ɗaya ba. Ni kuwa sai na yi musu irin ta gida. Na miƙa hannu biyu na nufi babban nan gadan-gadan, ina cewa, "Salamu alaikum! Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya aka ji da sanyi?" Yana ja da baya ina bin sa, ina neman tafin hannunsa. Ya yi tuntuɓe ya faɗi zaune, na kama hannun nan na girgiza sosai, na dafa ƙirjina, na sake kamawa. Da ya ga baƙi a tafinsa sai ya kurma ihu ya ruga cikin ruwa yana dirza da yashi. Na juya wajen sauran da hannu a miƙe, kowa ya yi ta kansa.

Gulbin nan abin mamaki ne. Da safe gabas yake gudu, da yamma ya juyo yamma, kuma a tsakanin juyin yakan tsaya cik ya janye, ya bar laka a fili. A lokacin ne ƙaguwa ke fitowa, manya kamar faifai, masu shuɗin baya. Na jefa musu ruɓaɓɓen ƙirgi suka taru a kai, na yi ta cafka ina jefawa a kwando, suna datse min yatsu ina tsine musu. Ban ankara ba sai na ji ƙugi daga gabas, ruwan ya juyo. Ya same ni a tsakiyar laka, ya kai min ƙirji, ya wanke baƙin hannuna tas. Dakarun da ke leƙe daga nesa suka ga hannu ya koma irin na kowa, suka gane an yi musu wayo, suka biyo ni da kibau. Na ɗora kwandon a ka, na saki jiki ruwan ya tafi da ni, kuma da yake yamma ya nufa, sai ya kai ni har bakin kwarin ya watsar a kan duwatsu. Na tashi ina ɗingishi, kwandon na kaina.

Iya ta daka ƙaguwar a turmi ta shafe masa fuska da hannaye. Wallahi magani ne. Kafin wani lokaci bororon ya fara bushewa, idanun suka fito, leɓen ya sauka. Na fara murna, har na nemi wanda na fasa wa baki na ba shi wuƙata. Amma Iya ba ta yi murna ba. Kullum sai ta kara kunne a wuyansa ta daɗe tana saurare. Abin da ya haɗiya ya riga ya wuce inda hannu ke kaiwa. Ruwan summaƙ da take ɗura masa ya fara dawowa ta hanci, numfashinsa ya koma fito, in ya ja iska sai ramin wuyansa ya lotsa.

Wata safiya ta fita ta dawo da wani ƙaton mutum mai furfura a gemu. Ta ɗaga ƙyallen wuyansa. A ƙasan maƙogwaronsa akwai ɗan bututun gora, baƙi mai sheƙi, iska na shiga tana fita. Ta nuna ƙirjinsa da damatsansa, ta nuna wasu mata da yara a waje, wato nasa ne. Sannan ta taɓa leɓensa ta girgiza kai. Ta fito da wata siririyar wuƙa da sabon bututu ta ajiye a gaban Korau. Ko ni da ba na jin harshensu na gane. Hayaƙi ya taɓa shaƙe mutumin nan, ta huda masa wuya ya rayu, amma tun ranar bai sake magana ba.

Korau ya dubi bututun, ya dubi mutumin, sai ya ture wuƙar da ƙafa. Ya yafito ni. Na kai kunnena bakinsa, don muryar ta koma kamar ta sauro.

"A ƙara jira. Wataƙila ya sauka da kansa."

Na ce, "Yaya, leɓenka ya fara shuɗi."

"In ba murya, me zan koma in yi? In zauna a zaure yara na nuna ni?" Ya huta, ya damƙe wuyan hannuna. "Jatau, ni ne babba. In ka bari ta taɓa min wuya, ba ni ba kai."

Tunda nake ban taɓa ƙetare maganarsa ba. Ina yi wa duniya tsawa, amma in ya ce zauna, zama nake. Na zauna ɗin kuwa. Rana ta yi ta ɗagawa, ina kallon ramin wuyan nan yana lotsawa, fiton yana ƙara siriri. Iya na tsugune da wuƙarta a cinya, ba ni take kallo ba, amma na san ni take jira. A al'adarsu ba a huda mutum sai ɗan'uwansa na jini ya riƙe shi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a cikin gulbi, kuma haushinsa ya cika ni, shi da ya san harshen kowa amma bai san yadda zan shiga gida in gaya wa matarsa ba.

Da idanunsa suka fara juyewa sai na tashi. Na hau ƙirjinsa na danne kafaɗunsa da gwiwoyina, na kama kansa na tanƙwara baya. Ya farfaɗo ya gane abin da nake yi. Ya yi ta shure-shure, ya yaƙushe ni a fuska, bakinsa na motsi yana kiran sunana ba sauti. Na ce, "Ka tsine min in ka warke." Na yi wa Iya tsawa da Hausa na ce ta yi, kuma ta ji.

Jini ya fito kaɗan, ta zura bututun, sai wata iska ta shiga da ƙara, ƙirjinsa ya ɗaga ni sama. Shuɗin leɓensa ya washe a kan idona. Na sauka na fita bayan gida na yi amai.

Ya warke. Kumburin ya sauka a hankali, ya fara shan kunu da ruwan summaƙ, ya fara takawa. Amma murya ta tafi, Usaina ta ƙone ta, abin da ya saura wuƙa ta ƙarasa. Tun daga ranar bai sake duban fuskata ba. In na kawo masa abinci sai ya juya baya, in wani ya kawo ya karɓa. Mutanen kwarin suka cika mana taiki da summaƙ tsantsa, suka nuna mana wata hanya ta arewa da ba ta bi ta Mirkaza. Muka kamo ta, shi a gaba da ƙyalle a wuya, ni da jaki a baya. Ga abin da na fito nema a kan jaki, amma ko buɗe taikin ban yi sha'awa ba.

A wata matsatsiyar hanya tsakanin duwatsu wasu mutane masu rawanin fata suka tare mu da takubba. Shugabansu ya yi magana, ya sake yi da ƙarfi, ya ɗora min kaifin takobi a kafaɗa. Na dubi Korau. Na ga a idonsa yana jin duk abin da ake faɗa, ya buɗe baki don ya amsa, sai fito kawai ya fita ta bututun. Ya runtse ido. Can sai ya matso, ya kama haɓata ya juyo da fuskata wajensa, karo na farko tun ranar. Ya nuna leɓensa, ya motsa su a hankali.

Na kwaikwaya da ƙarfi. Ya girgiza kai, ya sake. Na sake faɗa. Sai ɗaya daga cikin mutanen ya fashe da dariya, sauran suka kama, har shugaban ya sauke takobi yana riƙe ciki. Daga baya na gane so yake in ce mu baƙi ne masu neman hanya, ni kuwa na ce mu awaki ne masu neman miji. Korau ya ɗaga hannu ya ranƙwashe ni a ka, irin ranƙwashin da yake min muna yara, ya sake motsa leɓe. A haka, kalma-kalma, muka yi ciniki da su. Muka ba su ɗan summaƙ, suka raka mu har bakin Fagen Gishiri.

Haka muka iso gida, kuma haka muke har yau. In fatake sun sauka a Garazau, shi yake zama ya saurara, ni in tsaya a gabansa ina duban bakinsa ina faɗa. In na yi kuskure in sha ranƙwashi a gaban mutane, da furfurata. 'Ya'yansa sun girma a gabansa, ya aurar da su, ya ɗauki jikoki. Ni ban yi nadama ba, ku ji da kyau. Da za a mayar da ni ɗakin nan, da na sake hawa ƙirjinsa.

Ya koya min yadda ake neman ruwa da harsuna iri-iri, da yadda ake taya kaya, da yadda ake yi wa sarki gaisuwa, da yadda ake zagin raƙumi. Amma akwai maganar da bai taɓa motsa min leɓe da ita ba, ko da Hausa, wato ya ce ya yafe. Ni ma ban roƙa ba, don ban ga laifin da na yi ba. Sai dai kullum da safe in na kai masa kunu nakan ɗan tsaya ina duban bakinsa, shi kuma ya karɓi ƙwaryar ya sha.

Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Allah da ya raba tagwayen itatuwa ya raba mu da abin da ya fi ƙarfinmu. Ku tashi, ga shi can yana tahowa, kuma ba ya son ya tarar ana maganarsa.